Littattafan Makafi da Muka Kulle a Sito

Akwai abin da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a wani laburare nan cikin Kaduna, aikina ba da littafi da karɓarsa.

Wata Talata da safe mai Keke Napep ya sauke wani dattijo a bakin ƙofarmu, ya shigo yana laluben hanya da sanda. Daga Unguwar Dosa yake. Tsohon malamin firamare ne, ciwon ido ya tafi da ganinsa bayan ya yi ritaya. Da ya makance bai zauna haka nan ba, da furfurarsa ya je ya koyi rubutun makafi, mai ɗige-ɗige masu tudu da ake karantawa da yatsa.

Ya ce, "'Yata, na ji an kawo muku littattafanmu. Na iya baƙaƙen, abin karantawa ne ba ni da shi."

Gaskiya ne, an kawo su cikin kwalaye. Amma suna sito a kulle, don shugabanmu ya ce ba mai taɓa su sai manya sun zo an yi bikin buɗe sashen makafi. Na ce, "Baba, ka dawo mako mai zuwa."

Ya dawo. Ya sake dawowa. Kowace Talata sai ya zauna a benci kusa da teburina, yana sauraron ɗalibai suna buɗe shafuka, bai taɓa ɗaga murya ba. Ni kuwa na san inda makullin yake, cikin durowar shugaba, ba ma a rufe take ba. Tsoron kada a kore ni ya hana ni ɗauka. Yau in na tuna, sai in rasa wace irin kora ce ta kai wannan.

Damina ta zo ta wuce, manya ba su zo ba. Sai da aka yi wa shugaban canjin wurin aiki, wadda ta gaje shi ta ce a buɗe. Ni na riƙe hannun Baba har sito, ina murna.

Warin ruma ne ya fara tarbar mu. Ashe rufin yana yoyo daidai kan kwalayen. Takardun sun jiƙe sun bushe sun manne, gara ta cinye na ƙasa. 

"Miƙo mini ɗaya," in ji shi.

Na zaɓi mai ɗan dama-dama. Ya ɓare shafin a hankali, ya bi layi da yatsa, ya dawo ya sake bi. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Ɗige-ɗigen duk sun kwanta, 'yata. Ba abin da ya rage." Ya rufe littafin ya shafa bangonsa. "Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Bai ƙara zuwa ba, ban kuma taɓa sanin gidansa ba balle in nemi gafara.

Abin da na koya shi ne, ba sai ka kori mutum kake zaluntarsa ba. Da fara'a da "ka dawo mako mai zuwa" ma ana hana mutum haƙƙinsa, kuma ranar da ka shirya ba shi, mai yiwuwa ba sauran abin bayarwa.