Hanyar Droum Ba Tawa Ba Ce

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fita da baban yarana daga gidan nan na Birni, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ranar Alhamis ce, ana cin kasuwar Dole, mutane suka baro rumfunansu suka zo rakiya. Ni ban yi lekol ba, wato makarantar boko. Autata Rabi ce ke riƙe da bik, ina faɗa tana rubutawa don a kai wa jarida, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana, ta bar ta yadda ta fito.

Masu furfura a Damagaram sun san shi ko ban faɗi sunansa ba. Ba zan kuwa faɗa ba, bakina bai taɓa ɗaukar sunan nan ba tun ranar da aka kawo ni ɗakinsa. Abokansa Shef suke ce masa. Da safe mai gyaran rediyo ne a Zengou. Da an yi la'asar sai ya rufe shago, su haɗu su biyar a zauren gidan nan da gitocinsu na lantarki da ganguna, su yi ta bugu har ƙasar bango ta riƙa zubowa. Yaran yanzu suna ce wa irin kiɗan rok. Mu a lokacin kiɗan orkes muke cewa, surukata kuwa, Allah ya jiƙanta, hayaniya take ce masa.

To, su biyar ɗin nan saura uku. Akwai Malam Issufu mai rerawa, da Lawali mai gita, da Abdu mai ganguna. Bana suka fitar da sabon faifai, waƙa tara. Ba kaset yanzu, a salula ake jin sa, daga wannan hannu zuwa wancan. Dalilin maganata ita ce waƙa ta tara, wadda suka sa wa suna Hanyar Droum. Duk gari ya ɗauka tawa ce, har a rediyo an faɗi haka. Ba tawa ba ce. Mai ita tana da rai, kuma ba ta sani ba. Amma bari in fara ba tsofaffin nan haƙƙinsu, don sun yi aiki.

Na saurari faifan nan sau da yawa, ina zaune a kan tabarma ina ɓarar gyaɗa. Abin da ya fara shigar mini rai shi ne ba su ɓoye tsufansu ba. Muryar Malam Issufu da a da take hawa sama kamar za ta tsage kwano, yanzu ta sauko, ta yi kauri, tana rawa a ƙarshen baiti. Bai yi kokawa da ita ba. Suka sauko da kiɗan gaba ɗaya ya same shi a inda yake. Abdu ma hannunsa ya rage sauri, sai ya rage bugu, ya bar fili tsakanin duka da duka, har mutum yana jin numfashin mai waƙa. Akwai waƙar da suka yi wa gwiwa, tsoho yana lallashin gwiwarsa ta kai shi masallaci ta dawo da shi, na yi dariya har na ƙware. Akwai ta rijiyar unguwarsu da aka cike aka gina shagon caji a kanta. Ba su zagi kowa a ciki ba, sun dai jera sunayen matan da suka taɓa jan ruwa a wurin, ɗaya bayan ɗaya, gita tana amsa kowane suna. Na san huɗu daga cikinsu. Akwai ta uku da ta shida, waɗannan kam da Shef yana nan da bai bari sun fita ba. Magana ta yi yawa a ciki, kamar wa'azi, kuma na ji su jiya, yau ban iya kawo ko baiti ɗaya ba.

Na faɗi haka ne don ni ce ma'auninsa. Shi bai taɓa rubuta waƙa a takarda ba, ko da yake ya iya rubutu. In ya haɗa sabuwa, sai ya shigo tsakar gida ya same ni ina daka ko ina tankaɗe, ya zauna a kan turmin da aka kife, ya rera mini sau ɗaya tak. Ba ya maimaitawa. Kashegari da hantsi kafin ya fita sai ya ce, "To, kawo mini kayana." In na rera masa ita duka, ya kai wa abokansa. In na yi tuntuɓe a wani baiti, ya cire baitin ya yar. Na taɓa ce masa, "Malam, ai ni ce na manta, jiya yaro bai da lafiya." Ya ce, "Duk wadda za ta ji waƙar nan tana da yaro marar lafiya. Laifin baitin ne." Haka muka yi shekara arba'in. Duk waƙar da mutanen garin nan suka yi rawa da ita, sai da ta kwana a kaina tukuna.

Ana nan, ana nan, ciwo ya kama shi. Ya bar shago, ya bar zaure. Gitarsa dai tana jingine kusa da shi, yakan taɓa ta ba a haɗa ta da wuta ba, ƙaramin sauti kamar ana kaɗa zare. Wata rana bayan azahar ina wankin gero ya ce, "Ajiye ƙwaryar nan." Na ajiye. Ya rera:

Na bi hanyar Droum, rairayi ya riƙe taya,
Na tsaya bayan danga, na gan ki, na juya.
Jan takalmi na aiko, na ce a ce ba ni ba ne.

A ƙarshen kowane baiti sai ya kira suna. Sunan 'yarmu ta fari ya kira, baro-baro, sau uku. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba, sai in yi musu bayani. Mu yadda aka tashe mu, ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yi masa wasa. Kunya ce, kuma girmama iyayenka ne, don su ne masu shi. Ranar da aka yaye ta aka kai ta Droum wurin mahaifiyata, can ta tashi, can ta yi lekol, sai da ta ci satifika ta dawo Damagaram don kolej. Ta dawo ta tarar da ƙannenta suna hawa wuyan ubansu suna ja masa gemu. Ita kuwa in tana tsaye a gabansa sai ya dubi wani ya ce, "A ce wa waccan ta kawo ruwa." Ni ma Yaya nake ce mata, yadda ƙannenta ke cewa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Takan dai tsaya a bakin ƙofar ɗakin girki tana kallo, in an lura da ita ta koma ciki.

Abin da ba ta sani ba, duk shekarun da ta yi a Droum, ba a yin wata biyu bai hau mobilet ɗinsa, ƙaramin babur ɗin nan, ya tafi ba. Sai ya ce akwai rediyon wani da ya lalace a can. Ba ya shiga gidan surukai. Bayan dangar lekol yake tsayawa har a tashi yara, ya hango ta, ya juyo. Ya dawo da rairayi har cikin kunne, ya ce mini, "An yi tsawo," ko "An yi aski," shi ke nan labarin. Ni ma ba na tambaya.

Da ya gama rera waƙar ya ce, "Riƙe mini wannan." Na ce, "In kai wa su Malam Issufu?" Ya ce, "Riƙe dai." Kashegari bai ce in kawo masa kayansa ba. Bayan kwana ashirin da 'yan kai ya cika.

Na riƙe. Shekara goma tana kaina, ban zubar da ko kalma ba. Bara da kaka Malam Issufu ya yi sallama, ya shigo yana dogara sanda.

"Amaryar Shef, kina nan kina ƙara yarinta?"

"Ina nan, Malam Issufu. Kai ne dai naka tsufan ya fito fili."

"Ai shi ya kawo ni. Za mu yi faifai, wataƙila na ƙarshe. Na san mutumin nan, ba ya barin tukunya ba ƙanzo. Bai bar miki komai ba?"

Na ga in na mutu da ita ta mutu. Sai na rufe fuskata da gefen mayafi na rera masa. Duk inda na kai wurin sunan, sai in tsallake, in ja numfashi, in wuce. Ya saurara har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya fashe da dariya.

"Kai, Shef! Ashe haka ya sha rairayi wajen neman aurenki? Ke kuma tsohuwa da jikoki, har yanzu kina jin nauyin faɗin sunanki?"

Ya san ni 'yar Droum ce. Bai san tun ina shekara bakwai aka kawo ni wurin goggona a Birni ba, kuma gidanmu da na su Shef lungu ɗaya ne, ko takalmi ba ya sakawa in zai zo zance. Malam Issufu daga Dogo ya zo, bayan aurenmu ya shiga cikinsu. Kalma ɗaya ta isa in gyara masa. Ban iya ba. In zan gyara, dole sai na ce ta 'yar fari ce, bakina kuwa ya ƙi. Na bar shi ya tafi da kuskurensa. Laifin nawa ne, Malam Issufu, ka yafe mini.

Amma ku ji abin da suka yi da ita. Ba su cusa kowane suna a wurin ba. In an kai gurbin, Malam Issufu ya yi shiru, Abdu ya ɗauke hannu, Lawali ya ja tsirkiya ɗaya, doguwa, ya bar ta tana kuka har ta mutu da kanta. Shef ba ya son gita ta sha gaban magana, sun sha faɗa da Lawali a kan haka, har ya taɓa zare masa waya ana tsakiyar wasa. Na yi ta tunanin me zai ce da ya ji wannan. Ina jin zai sunkuyar da kai ya ce, "Bar shi." A wurinsa wannan babban yabo ne.

Me kuma zai ce da zamanin nan, da uba ke goya ɗan fari a kafaɗa ya zaga kasuwa, ya sa hotonsa a fuskar salula? Da bakinsa zai ce an zubar da kunya. Amma ni da na ga mutumin nan yana kakkaɓe rairayin Droum daga wandonsa, ban san abin da zuciyarsa za ta ce ba. Ban zagi al'adarmu ba, a cikinta na tsufa, kuma na ga alherinta. Na dai ga abin da ta ci.

Wata biyu da suka wuce Yaya ta zo daga Tirmini, inda take aikin ungozoma. Shekararta hamsin da uku, ita ma ta yi jika. Rabi ta kunna mata waƙar muna zaune mu uku. Ta saurara ba ta motsa ba. Da aka gama ta yi murmushi ta ce, "Inna, ashe Baba ya iya so haka."

Rabi ta ce, "Ke ma dai, Yaya, kamar ba ki san Baba ba."

Yaya ta ce, "Ku kuka san shi." Ta faɗe shi ba da fushi ba, tana gyara ɗankwali.

Ni da ke riƙe da maganar da za ta warkar da wannan, sai na ji bakina yana cewa, "An kira la'asar kuwa?" Yaya ta tashi ta ɗauko mini buta.

Tun ranar ba na jin daɗin tuwo. Rabi ma yau ta fara jin wannan labari, ga ta nan ta ajiye bik sau biyu na ce ta ɗauka. Ta ce ko ta rubuta sunan, tun da hannunta ne ba bakina ba. Na ce a'a. Ba a jarida za a fara jin sa ba.

Mutane suna tambayata abin da Shef ya bari. Shagon ya zama na wani. Gitar tana wurin Lawali. Kaset-kaset ɗin zafi ya cinye su. Waƙoƙin suna nan a bakin mutanen da ba su san wanda ya yi su ba, kuma haka yake so. Ni dai abin da na san ya bari, wanda bai kai inda aka aike shi ba, saƙon nan ne guda ɗaya.

To, ke da ke Tirmini. Na san ana kai jaridar nan wurin aikinku. Kin tuna jan takalmin roba mai maɗauri, wanda kakarki ta ce wani ɗan kasuwa ne ya kawo daga Kano? Ya matse ki, kika yi kuka, kika ƙi cirewa har ya yi miki kanta a dunduniya. Ubanki ne ya saya a Dole. Da igiya ya auna sawunki a rairayi bayan kin wuce, shi ya sa ya yi kaɗan, don bai lissafa da tsawon da za ki ƙara kafin salla ba. Mutumin da ke tsayawa da mobilet bayan danga, wanda kuke ce wa mai rediyo kuna gudu, shi ne. Inda gitar Lawali ke kuka, sunanki ne a wurin, sau uku.

Ranar Juma'a in kin samu mota ki zo. Kada ki tambaye ni komai, kada ki gaishe ni da kuka. Zan kife turmi in zauna, in rera miki ita yadda ya rera mini, ba gita, ba ganga. In na kai wurin, ban sani ba ko bakina zai iya. Ki zauna kusa.