Takardar da aka naɗe tsire da ita

Na manta abubuwa da yawa a duniya, har da shekarar da aka haife ni, wadda dama ba wanda ya rubuta. Amma ranar da aka ajiye mini wata takarda mai maiƙo a kan teburin shagona, ita kam ta ƙi barina, kuma na san da ita za a binne ni.

A lokacin ina da shagon fotokofi a Zangon Sokodé, a ƙasar Togo, kusa da tasha. Kada ku raina ni, ɗan boko ne ni. Shekara huɗu na yi a makarantar Faransanci, biyu daga ciki a aji ɗaya, saboda malamin ya kasa rabuwa da ni. Da wannan tarin ilimi nake riƙe da inji ɗaya da kwamfuta ɗaya, kuma da wuya a sami gidan da takardarsa ba ta ratsa hannuna ba: katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar fili, sakamakon asibiti.

Injin nan tsoho ne mai taurin kai. In ka ba shi takarda, ta farko sai ya fitar da ita da baƙin layi a tsakiya, ta biyu ce ke fita tas. Ta farkon nakan jefa ta a kwali ƙarƙashin tebur. Duk Juma'a, in an sauko daga masallaci, abokina mai tsire na bakin tasha yakan zo ya kwashe, don da su yake naɗe wa matafiya nama. Ni kuma ya bar mini tsinke uku.

"Malam Boko, ina ilimin wannan makon?" haka yake shigowa.

"Ga shi nan, Sarkin Ƙuda. Ka naɗe da ladabi, akwai masu digiri a ciki."

Shekaru muka yi a haka. Ni a ganina tattali nake yi, har ina yi wa masu ƙona takarda kallon almubazzarai.

Wata rana bayan azahar sai ga wani mutum da kayan ma'aikatan ofis. Ya yi sallama, ya ce daga Dapaong yake, can arewacin ƙasar. Ya zaro takarda a aljihu ya shimfiɗa a gabana. Duk ta jiƙe da mai, ga yaji a gefe, ga baƙin layi a tsakiya.

"Baba, aikin injinka ne wannan?"

Layin nan na san shi fiye da sa hannuna. Na ce, "Ɗana, in tsiren ne bai gasu ba, ba nan ake kawo ƙara ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce in karanta. Na sa tabarau na fara haɗa baƙi. Sunan mace ne, da shekarunta, da unguwarta a Dapaong, da hatimin asibiti. A ƙasa kuma sakamakon gwajin ƙanjamau. Wannan kalmar ko mai aji huɗu ya san ta.

Mai takardar yayarsa ce. Mijinta ya rasu, tana sayar da shinkafa da wake a tashar Dapaong, da shi take ciyar da 'ya'ya huɗu. Asibiti na nan kusa da gidanta, amma sai ta riƙa yin doguwar tafiya har Sokodé karɓar magani, don kawai kada wanda ya san ta ya gan ta a layi. An nemi ta kawo kwafin takardarta, ta shigo shagona. Daga kwalina takardar ta je wurin mai tsire. Wani direban hanyar Dapaong, wanda kullum a wurinta yake cin abinci, ya sayi tsire, yana ci yana karanta abin da aka naɗe masa. Ya ɗauki hoto da waya ya tura wa 'yan'uwansa direbobi. Kafin motarsa ta isa gari, labarin ya riga ta.

"Baba, ka san akwai doka a ƙasar nan kan bayanan mutane?" in ji shi. "Duk mai sana'ar da ke karɓar takardun jama'a, wajibi ne ya tsare su. Ba ya ba wani sai da izinin mai su. In ya gama aikin da aka kawo su dominsa, ba ya ci gaba da ajiye su. Na lafiya kuwa sun fi kowanne nauyi."

Na ce ai dokar manyan kamfanoni ce, masu bene da mai gadi.

"Kana karɓar kuɗi ka taɓa takardar mutum? To, har da kai." Ya nuna kwamfuta. "Me ke cikin waccan?"

Duk takardar da na taɓa ɗaukar hotonta na tura wa wani tana ciki, rabin asirin Zango, kuma ko lambar sirri ban sa mata ba. Masu jira ma kan zauna su yi wasan karta a kanta.

Na tambaye shi yaushe za mu je gaban hukuma, don na riga na ga kaina a can. Ya ce shi ya so, har ya rubuta ƙara. Yayarsa ce ta hana. Ta ce in aka shiga kotu, waɗanda ba su ji ba ma za su ji. Doka tana bayanta, amma ba ta da ƙarfin ɗaga ta. Wallahi da an ɗaure ni, da na fi samun sauƙi.

Bayan kwana biyu na hau mota zuwa Dapaong. Na isa da rana tsaka, lokacin da masu abinci ba sa samun damar ɗaga kai. Rumfar dama cike, ta hagu cike. Tata kuwa benci biyu ne babu kowa, tukunya a cike har baki, ita tana zaune tana korar ƙuda. Abincinta bai taɓa cutar da kowa ba, maganinta take sha, lafiyarta ƙalau. Jahilci ne kawai, irin nawa, ya sa wata riga.

Na zauna na ce a zuba mini. Ta gane ni. Ta zuba, ta ƙara mini nama ban tambaya ba. Na tsara jawabi tun daga garin Kara da ke kan hanya, amma da na buɗe baki sai "'Yata, ki yafe mini" kawai ya fito.

Ta ce, "Baba, shago uku na wuce kafin naka. Duk samari ne a ciki, na ji kunya. Da na leƙa na ga furfura, sai na ce nan ne."

Na cinye abincin nan tas, ban san ɗanɗanonsa ba.

Da na dawo na ƙona abin da ke kwali, na sa aka share kwamfuta aka kulle ta. Abokina ya yi fushi na mako biyu, sannan ya koma sayen tsofaffin jaridu. Ita kuwa ba ta kai ƙarshen damina a tashar ba. Ƙaninta ya ce ta sayar da tukwanen, ta kwashe yaran ta koma ƙauyen dangin mahaifiyarta, biyu daga ciki sun bar makaranta.

Har yau ba zan iya kawo muku ayar dokar nan ko ɗaya ba, iliminmu bai kai can ba. Abin da na koya shi ne, wanda ya miƙo maka takardarsa, ko lambar wayarsa, ko hotonsa, mutuncinsa ya miƙo maka ka riƙe masa na ɗan lokaci. Ba sai kana da mugun nufi za ka tona wa mutum asiri ba. Ni ban taɓa ƙin matar nan ba, ban ma san ta ba. Sakaci ya ishe ni in rufe mata tukunya.