Tayin da Mu'minat Ta Ƙi a Wad Madani

A shekarar 1976 wani kamfanin auduga da ke Wad Madani ya sayo kwamfuta, irin ta farko mai cika ɗaki guda, ya kuma nemi 'yan mata masu saurin yatsa. Mu'minat, 'yar wani manomin dawa a garinmu Mai Wurno, tana cikin waɗanda aka ɗauka. Ni a lokacin sabon malami ne a makarantar da ta gama, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu.

Aikinta huda kati ne. Na'urar ba ta karanta rubutu, sai ramukan da aka huda a jikin kati mai kauri. Saboda haka 'yan matan suke zama a ɗakin waje suna bugawa, su tara katunan a tire, su miƙa ta wata 'yar taga. Na'urar kuwa tana ɗakin ciki, bayan wata ƙofa mai nauyi, ba mai shiga sai injiniyoyi. Abin da ke iso musu shi ne gurnaninta ta cikin bango, da sanyin da ke biyo ƙarƙashin ƙofa yana taɓa musu ƙafafu. Mu'minat ba ta da burin da ya wuce ta ga abin da take ciyarwa da katunan nan, ko da kallo ɗaya ne.

Baturen da ya zo ya kafa na'urar dattijo ne, an ce tun yana saurayi yake harhaɗa irin waɗannan injuna. Ranar da zai koma ƙasarsu ya fito ya tarar da ita tsaye da tire a hannu, sai ya riƙe ƙofar ya ce ta shigo ta gani.

"Me kika ce masa, Hajja?" na tambaye ta kwanan baya muna shan gahawa a ƙofar gidanta, ko da yake na sha jin labarin.

"Me zan ce, ya Ustaz? Abin da aka koya mini a gida. Na sunkuyar da kai na ce a'a, na gode, ina jira ya maimaita. Da ɗan yankinmu na Sinnar ne, ai sai ya yi ta rantsuwa yana matsa mini har na shiga. Shi kuwa bawan Allah ya gyaɗa kai, ya ja ƙofarsa."

"Kunya ce ta cuce ki."

"Ku malamai kuka cuce ni! Kun cika mana kai da nahawu, ba wanda ya gaya mana Bature sau ɗaya yake tayi."

Ba a sake yi mata tayin ba, ita kuma ba ta iya buɗe baki ta roƙa ba. Bayan 'yan shekaru ta yi aure, ta dawo gida ta kama noma tare da mijinta Abdussalami, Allah Ya jiƙan sa. Da 'ya'yanta suka tasa, ta shiga mota ta koma Madani da niyyar wannan karon za ta roƙa. Ta tarar da ƙofar a buɗe, ɗakin cike da buhunan iri, ba sanyi, ba gurnani. Mai gadi ya ce an kwance injin tuntuni, bai san inda aka kai shi ba.

Bara na samo wani littafi mai tarihin mutanen da suka fara ƙera kwamfuta, da hotunan injunansu, na kai mata. Ta kusanto da shi fuskarta, amma idanunta sun riga sun yi rauni. Ta ce in karanta mata. Na karanta a hankali, na kuma siffanta mata akwatunan ƙarfe masu tsayin mutum da faifan da ke juyawa a cikinsu. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko ta Madani tana cikin hotunan. Na ce babu.

Yau Mu'minat tana nan Mai Wurno a gidan 'yarta Ibtisam. Ba ta ga na'urar ba. Ko shayi aka miƙa mata, a tayin farko take karɓa, maƙwabta na yi mata tsiya, ita kuwa ba ta kula su.