Matar da Ta Koya wa Na'ura Tsayawa

Ƙarfe bakwai da rabi Malama Mahbuba take buɗe shagonta na kwamfuta a bakin hanyar Ƙonni, kafin 'yan kabu-kabu su cika gari da ƙara. Ta yi shara, ta duba batiran sola, ta kunna tsofaffin na'urorinta huɗu, waɗanda ko kyauta aka ba wani sai ya yi tunani. Shekara goma sha huɗu ke nan. Mutanen Illela sun san ta da buga takardu da cike fom, ba su san rabin aikinta ba. Tunda wannan watan za ta huta, sai a tona mata asiri.

Akwai baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, harshensa shel ake ce masa. A cikinsa mutum kan ajiye bayani da wani suna, kamar a rubuta suna a jikin kwano a zuba abu. In an kira sunan, sai na'ura ta juye abin da ke ciki. To, in kwanon wayam yake fa? Alamomi huɗu ke yanke hukunci, kuma ɗaya daga cikinsu, alamar tambaya, aikinta ta tsayar da komai. A ƙaramin shel ɗin da na'urorinta ke iya ɗauka, wanda 'yan sa-kai ke kula da shi daga ƙasashe daban-daban, Mahbuba ta lura uku suna gane kwano wayam ta hanya iri ɗaya. Ta huɗun, mai tsayarwar, sai ta wuce abinta ba ta tsayar da komai ba.

Abin ya tsaya mata a rai saboda Malam Halliru, mai makarantar Islamiyya a unguwarsu. Ita ta ɗauki hotunan littattafan kakansa na rubutun hannu, warƙa, wato fallen takarda, dubu uku, ta zuba masa a kwamfutar makaranta. Damina ta gaba ɗakin littattafan ya rufta, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Hotunan kaɗai suka rage. A kwamfutar kuwa akwai umarnin share tarkace: a ba shi sunan wuri, ya goge abin da ke ciki. In aka bar sunan wayam, daga tushe zai fara gogewa, har da faifan ajiya da ke jone. Alamar tambayar nan ce ya kamata ta hana hakan.

Ta rubuta wa masu shel ɗin. Babbansu ya ce a bar shi, an saba, za a sa gargaɗi a littafin bayani. Ta ce mai sauri ba ya karanta gargaɗi, kuma wanda ya koyi alamomi uku ya kamata ya iya ta huɗu ba sai an gaya masa ba. Wata huɗu ana ja. Ta rubuta gyaran da kanta, ta haɗa da gwaje-gwaje, in layin Najeriya ya ɗauke, sai ta aika da na Nijar.

Mijinta Zakari kan yi mata tsiya: "Wai mi kika samu ga wanga hwaɗa da mutanen da ko sunanki ba su iya hwaɗi?"

Sai ta ce, "In ba su iya sunana ba, su dai gyara."

Suka gyara. Ranar ta hau babur ta je ta sabunta kwamfutar makarantar, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Bayan wata bakwai, wata Laraba da hantsi, Mukhtari magatakardan makarantar ya shigo shagon rungume da kwamfutar, yana huci.

"Malama, abin ga ya lalace. Na ce shi share, ya ƙiya!"

Ta duba allon. Ya manta bai rubuta sunan wurin ba, na'ura ta tsaya cak, ta ce babu komai a sunan. Mahbuba ta nemi kujera ta zauna.

"Malam Mukhtari, da bara kay yi haka, da yanzu ba ko warƙa guda."

Aka kira Malam Halliru. Ya sa ta buɗe masa shafin farko, ya karanta rubutun kakansa a bayyane. Ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Ke ce, Malama, wadda ta ƙi yarda da "an saba". Ke kika zauna a shago mai rufin kwano kika daidaita abin da mutane ke amfani da shi a garuruwan da ba ki taɓa ji ba, kuma ba wanda zai san ya tsira ta dalilinki. Illela na alfahari da ke, ta gode.

Masu sana'a kuma su duba: ƙaramin abin da ya karkace a hannunku, ku gyara tun bai ci kowa ba. Jikokin Malam Halliru ba su san sunanta ba, amma gobe da safe za su karanta rubutun hannun kakan kakansu.