Gwaggo Rabi da ƙafata ta hagu

Ina cikin hawasha, wato gonata, da hantsi ina buɗe wa dawa ruwa, sai na hango ƙanwata Saratu a kan gaɓar tur'a, babbar magudanar ruwan nomanmu, tana tafe ba takalmi. Tun kafin ta iso na ajiye fartanya. Ta tsaya a tsallaken ruwa ta ce, "Yaya Haruna, Gwaggo Rabi ta cika a Sinnar." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, aka kai ta asibiti muna cewa gobe ko jibi za ta dawo. Na bar ruwan yana gudu, sai maƙwabcin gonata ne ya toshe mini shi daga baya.

Mutanen gari Ustaza suke ce mata. Ni Gwaggo nake cewa, domin ita da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne. Ta yi shekaru tana aiki a Madani, a maktabar wata kwalejin koyon aikin lafiya, wato ɗakin da ake ajiye littattafan likitoci. Mu a ƙauye mun ɗauka aikinta kakkaɓe ƙura ne da hana ɗalibai surutu. Sai da yaƙi ya kore ta ta dawo gida muka san abin da take yi.

Ta dawo da jakar tufafi ɗaya, da kwamfuta, da wani ɗan baƙin abu da bai wuce tafin hannu ba, naɗe a bakin mayafinta. Mahaifiyata ta dube ta ta ce, "Rabi, kin baro gado, kin baro firji, wannan kika ɗauko?" Ta ce, "Yaya, littattafan da suka cika ɗakuna suna cikin nan. Firji kuwa mi zai yi mini a garin da ba wuta?"

Ba a daɗe ba rumfar gidanta ta zama makaranta. Yaran ƙauyukanmu da karatun likita ko na jinya ya yanke musu suka riƙa zuwa, har daga wajen Hasahisa, kowa da wayarsa. Ta jingina sola a jikin katanga, ta zauna a kan angarib, gadonta na igiya, da kwamfuta a cinya. Na lura ba ta taɓa zuba wa mutum littattafai haka kawai ba. Sai ta tambaye shi abin da yake nema, in ya ce "komai," ta ce, "Komai ba tambaya ba ce. Je ka sha shayi, ka dawo da tambaya." Usman, hakim ɗin shafakhana, ƙaramin asibitinmu, wanda shi kaɗai ne mai duba marasa lafiya a garin, shi ma a bakin rumfar yake tsayawa idan abu ya shige masa duhu.

Akwai saƙonnin murya da ke yawo a wayoyin mutane, wannan ya ce ganyen kaza yana kashe ciwon sukari, wancan ya ce allurar kaza tana hana haihuwa. Idan aka kunna mata, ba ta dariya, ba ta faɗa. Tana saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? Wa ya duba bayansa?" Ko littattafan hannunta ba ta ɗaga musu ƙafa. Na ji ta hana wata ɗaliba wani littafi, ta ce ya tsufa, an canza wannan maganin tuni. Idan kuma mata suka zo mata da ciwo, takan ce, "Ni ba likita ba ce. Na dai san inda likita ya ajiye maganarsa."

Ni ban zo mata da tambaya ba. Ita ce ta gan ni.

Ƙaya ta taɓa soke ni a gona, wurin ya warke, daga baya sai wani ɗan kumburi ya fito a bayan ƙafata ta hagu. Ba ya ciwo. Ya yi ta girma a hankali, har ya yi 'yan ƙofofi da ke fitar da ruwa da baƙaƙen ƙwayoyi kamar habbatus sauda. Kowane manomi a ƙasarmu ya san sunan wannan: nabit. Kowa kuma ya san abin da ake yi masa a garinmu. Ana naɗe shi da tsumma, a sa babban takalmi, a yi shiru. Idan ya matsa a je wurin mai ƙona shi da ƙarfe. Asibiti kuwa ba a zuwa, domin duk wanda muka sani ya je da nabit, da sanda ya dawo. Ga Baffa Sale, ƙanen kakana, yana yawo da ƙafa ɗaya kowa yana gani. Ni ma haka na yi. Manomin da ba ƙafa, wa zai buɗe masa ruwa? Wa zai ciyar da uwarsa?

Wata rana na kai mata kuɓewa daga gona. Ta karɓa, idonta yana ƙasa.

"Ɗana, takalman nan naka ba uwarsu ɗaya ba. Na hagu na wane ne?"

Na ce na marigayi Baba ne.

"Allah ya jiƙan shi. Cire."

Na yi ta kame-kame. Ta sallami ɗaliban da ke wurin, ta ce su je su ci abinci, sannan ta sake cewa, "Cire, ya waladi, ɗana. Na wanke maka kashi kana jariri, ƙafa ce za ka ɓoye mini?"

Ta duba, ba ta taɓa ba, sannan ta buɗe kwamfuta. Ta nemo wata takarda ta Turanci mai hotuna, ta riƙa karantawa tana juya mini da Hausa, a hankali, inda ban gane ba ta koma. Ta nuna mini ƙafar da aka kai da wuri, da wadda aka kai bayan ciwon ya ci ƙashi. Na ce, "Gwaggo, tawa wacce ce?" Ta ce, "Ban sani ba. Kuma ba zan yi maka ƙarya don ka ji daɗi ba. Amma na san wanda zai sani."

Mahaifiyata ta ƙi. Ta ce ba za a kai mata ɗa mahauta ba. Gwaggo ba ta yi musu da ita ba. Ranar Juma'a ta dafa jabana, wato gahawa, ta aika a kira Baffa Sale da wasu dattawa, ta juya musu kwamfutar suka kalli hotunan. Sai ta ce, "Baffa, don Allah, kai da ka ga naka, yaushe ka tahi asibiti?"

Tsohon ya yi wata 'yar dariya. "Ya fito mini ana goyon ɗiyata Ladi. Na tahi bayan an kai ta ɗakin miji."

Wani dattijo ya ce, "Kai Sale, ashe kai ka yanke abinka, kake ɗora wa likita!"

"Rufe mini baki, kai da ka raka ni wurin mai ƙarfe!"

Aka yi dariya, amma mahaifiyata da ke bayan zana ba ta yi ba. Da yamma ita da kanta ta ce mini, "Ka bi Rabi."

Gwaggo ta ɗauki hoton ƙafar da wayarta. A garinmu shabakar waya ba ta kamawa sai a kan tudun tur'a, nan ma sai ta ga dama. Mace mai ciwon gwiwa ta riƙa hawa tudun nan cikin rana, ta ɗaga waya sama, ta sauko, washegari ta koma. A ƙarshe hoton ya isa ga wani likita da ya yi ɗalibta a maktabarta, wanda yaƙi ya jefa can gabas. Ya faɗi gwajin da za a yi, da wanda za mu nema a Sinnar idan hanya ta buɗe. Da ta buɗe muka je. Aka ce ciwon bai kai ƙashi ba. Aka sa ni a kan ƙwayoyi na dogon lokaci, daga baya aka yi mini ƙaramin aiki aka cire kumburin. A hanyar dawowa na yi mata godiya, ta ce, "Gode wa wanda ya zauna ya rubuta, da wanda ya bar shi a buɗe kowa ya karanta. Ni ɗauko maka kawai na yi."

Har yau ina shan magani, wani lokaci ya yanke sai an nemo. Likita ya ce nabit yakan dawo, ban kuma san abin da Allah ya rubuta mini ba. Amma bayana samari biyu daga garinmu sun kwance tsummansu sun je wurin Usman da kansu. Kwamfutar tana hannun ɗiyarta Ihsan, wadda ke karatun ungozoma. Ɗalibai sun fara dawowa rumfar, sai dai suna zama nesa da angarib ɗin, ba wanda ya hau shi tukuna.

Ranar da aka kawo ta gida, da aka fito da makara, ɗanta Mu'awiya ya dube ni ya matsa ya ba ni wuri. Maƙabartarmu tana da nisa, hanyar kuma duk ƙaya ce. Ban ba kowa kafaɗata ba har muka isa.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Rabi'atu, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka sa ilimin da ta raba ya riƙa iske ta har ranar tsayuwa. Ka ba Mu'awiya da Ihsan haƙurin rashinta, ka sanyaya zuciyar tsohuwarta Hajiya Kulu da ta ga wannan rana da idonta. Ka kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, waɗanda suka watse su koma gidajensu. Ya Ubangiji, ka tabbatar da dugaduganta a kan siraɗi, yadda ka sa ta zama sanadin da nake tsaye a kan nawa. Amin.