Lissafin Gadon Yaya Bello

Ina bakin aikin haƙa magudanar ruwan dam a Bakura wani direban tifa ya tsaya, ya yi mini doguwar gaisuwa, sannan ya ce Allah Ya yi wa yayana, Malam Bello, rasuwa a Talata Mafara. Na yi salati, na jingine shebur, na wanke hannu. Har muka kai shi makwancinsa ban ji komai ba, kuma har yau idona a bushe yake.

Yaya malamin kimiyya ne a sakandare, ni ma na zauna a ajinsa. Darasin da ya fi so shi ne yadda halitta ke gadon kamannin iyayenta. Yakan roƙo yis, abin da ke kumbura ƙulli, a gidan burodi don mu yarda abu ne mai rai, sannan ya zana gidaje sha shida a allo kamar na dara. Siffa biyu yake ɗauka: launin yis, fari ko ja, da ko yana tsira a abinci maras ƙarfi. A kowace siffa akwai mai rinjaye, akwai ɓoyayya. Na uwa a sama, na uba a gefe, a haɗa su gida-gida. Tara su fito iri ɗaya, sai uku, sai uku, sai guda a lungu da ya ɗauko ɓoyayyun siffofin duka biyu. In ya ga mai gaggawa irina, yakan ce masa, "Cika gidan da kake ciki tukuna."

Da ruwan dam ya cinye gonar mahaifinmu a Maradun, kowa ya yi ta kumfar baki ban da shi. Ya koma aji, ya ce mana gadon da ke cikin jini kam ruwa ba ya cin sa.

Ya bar matarsa Hadiza da cikin fari, bayan shekaru suna nema. An dakatar da rabon gado sai ta haihu, ko da yake ba wani abin rabawa. Jiya na kai mata cefane, ta tsayar da ni daga bayan labule.

"Kai da yak koya ma lissahin ga, hwaɗa min. Ɗan ga za shi ɗauko wushiryatai? Za shi zama bahago irinai?"

Yaya ya sha faɗa mana mutum ba yis ba ne, gidajen ma abin da zai yiwu suke nunawa, ba abin da Allah zai yi ba. Duk da haka na tsuguna, na zana su a ƙasa da tsinke, na rasa abin da zan sa a ciki. Na ce mata yana yiwuwa. Ta tambaya gida nawa cikin sha shidan, na ce ban sani ba. Ta ce to, ta koma ciki.

Allah Ka jiƙan Yaya Bello, Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe masa kurakuransa. Ka ba mu haƙurin rashinsa. Ka sauki Hadiza lafiya, Ka raya abin da za ta haifa, ko da bai ɗauko komai nasa ba.