Jan Ƙyalle Mai Ƙulli Huɗu

Ranar Laraba ce a watan Sha'aban, wajen ƙarfe tara da rabi na safe, a shekarar da ta biyo bayan yanke Kebbi daga Sakkwato. Mu uku ne a rumfata ta gyaran mota da ke bakin hanyar Aliero a Jega: ni, da wani direban a-kori-kura da ban taɓa yi wa aiki ba, da dattijon mahaucin da ke maƙwabtaka da ni. Mahaucin ya zo da galan yana jiran baƙin mai, da shi yake shafe dirkokin rumfarsa saboda gara.

Juyen mai direban ya kawo motar a yi mata. Ya ce sauri yake yi, albasar ubangidansa tana jiransa a gona a Sarandosa, kuma lalle ta kwana Aliero. Na sa ya hau da motar kan katakan rami, na sauka, na kwance notin mai na jefa a aljihu, na tara kwano.

Mai yakan ɗauki kamar minti goma yana tsiyaya, kuma a cikin wannan minti goma nake duba ƙarƙashin kowace mota, ko mai ita ya sa ni ko bai sa ni ba. Ina farawa daga gaba. In girgiza sandar sitiyari in ji ko ta yi sako-sako, in bi bututun birki da yatsa, in ɗora tafin hannu a gangar birkin kowace ƙafa. Motar daga Aliero ta taso, don haka ganguna uku suna da ɗumi. Ta baya ta dama sanyi ƙalau take, kamar ba tare suka yi tafiyar ba.

Na bi bututunta zuwa inda yake rabuwa da ɗan'uwansa, na sassauta notin. A bakin bututun akwai kan ƙusa, an goge shi da zarto ya zauna daidai. Na san gugar, ni na yi ta.

A daminar da ta wuce wani direban dabam ya shigo mini da wannan motar da yamma, man birki yana zuba ta ƙafar baya. Robar da ke riƙe man ce ta cinye, kuma babu irinta a Jega. Na yi abin da kowane bakanike yake yi a irin wannan hali, na toshe bututun da ƙusa don mai ya daina zuwa ƙafar. Muna kiran wannan kashe ƙafa. Mota za ta kai mutum gida da birki uku, ya dawo a gyara.

Maigidan da ya koya mini aiki a Sakkwato ba ya barin mota ta fita da ƙafa a kashe sai ya ɗaura jan ƙyalle a wuyan sitiyari. Ƙulli ɗaya ƙafar gaba ta hagu ke nan, biyu ta gaba ta dama, uku ta baya ta hagu, huɗu ta baya ta dama. Direbobi da yawa ba sa karatu, takarda kuma ɓacewa take yi, amma ƙyallen yana gaban idon mutum yini guda. Haka na yi wa wannan motar, na ce wa direban ya dawo ranar kasuwa. Bai dawo ba. Daga baya na ji ya samu aikin tuƙi a Birnin Kebbi, lokacin da sabuwar jiha take ɗibar direbobi. Na ɗauka an gyara motar a can wani wuri, na manta da ita.

Na leƙo daga rami na tambayi sabon direban ko ya tarar da wani jan ƙyalle a sitiyari lokacin da aka ba shi motar. Ya daina kaɗa makullin da ke hannunsa.

"Mai ƙulle-ƙullen nan? Kai ma ka san da shi, Injiniya? Ai na ƙone shi."

Ya ba mu labarin. Tsohon direban ba su rabu da daɗi da Alhaji, mai motar, ba. Shi kuma tun ranar da ya karɓi motar ya lura in ya taka birki tana jan hagu, tana neman hanyar masu tahowa. Ranar da yake wanke ta ya ga ƙyallen ya zame ƙasan sitiyari, ja, da ƙulli huɗu. Ya kai wa wani dattijo a unguwarsu, dattijon ya ce kada ya kwance ko ƙulli ɗaya, ya ƙone shi yadda yake. Ya ƙone shi a bayan gari, ya yi sadakar waina.

Mahaucin ya yi dariya har galan ya faɗi. Ya nuna ni da haɓa ya ce wa direban, "To ga bokan naka nan cikin rami. Ka duƙa ka gaishe shi, kada shi ƙara ma wani."

Ni ban yi dariya ba. Na tambayi direban ko motar ta daina ja bayan ƙonawar. Ya ce ta rage. Na tambaye shi abin da yake ɗauka tun lokacin, ya ce fasinja da buhunan da ba komai a ciki, sai ɗan gero. An ma duba ta wajen canjin lamba zuwa ta sabuwar jiha, an sa ya taka birki a fili ta tsaya. Ban yi mamaki ba, motar da ba kaya tana tsayawa da birki uku. Yau ne za ta fara ɗaukar albasa.

Na koma ƙasa na shafa bayan ƙafar baya ta hagu, wadda ta yi wata shida tana aikin ƙafa biyu. Yatsuna sun dawo da danshi, na sunsuna, man birki ne. Irin wannan motar tukunyar man birkinta ɗaya ce. In robar nan ta fashe man ya zube, birkin ƙafafu huɗu ne zai tafi a taki ɗaya.

Na fito na gaya masa. Na taka zuwa layin masu sayar da kayan mota na bi shago uku, babu robar. Wanda ya fi su kaya ya ce zai aika Sakkwato, ta iso gobe da azahar. Da na dawo na tarar direban ya kira Alhajin da ke da motar daga tasha, inda yake neman babbar motar da za ta kwashi albasarsa daga Aliero zuwa kudu da safe.

Alhajin mutum ne mai sanyin magana. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce albasar an haƙe ta tun shekaranjiya tana kwance a rana, masu saye ba za su jira ba, duk wata ƙaramar mota a Jega kuma an kama ta a wannan makon. Ya ce motar ta yi wata shida a haka, Allah ya tsare. Na ce wata shidan ba ta ɗauki nauyi ba, kuma yanzu ƙafa ta biyu tana zuba. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

"Malam, kai da kak kashe ƙafa guda tun damana, mi ka hana ka kashe ta biyu yau? Gobe sai a gyara su tare."

Notin mai yana aljihuna, motar kuma ba ta da ɗigon mai a ciki. In na ƙi mayar da shi ba ta zuwa ko'ina. Amma akwai rumfuna huɗu irin tawa a kan wannan hanyar, kowace tana da gwangwanin notina. Za su tura ta can, a ɗaura noti a zuba mai, ta fita da ƙafar da ke zuba ba wanda ya leƙa. Ƙusa ta biyu aƙalla za ta tsare wa ƙafafun gaba mansu. Na ɗauki zarto na goge ƙusar, na kashe ƙafar, na mayar da notin na zuba mai.

Na kafa sharaɗi biyu: zan bi motar da kaina, kuma mutum ko ɗaya ba zai hau bisa kaya ba. Alhajin ya amince nan take, ya koma tasha. Na yanko jan ƙyalle zan ɗaura, direban ya dafe sitiyarin ya ce in dai ina zaune kusa da shi, ni ne ƙyallen.

Tafiya ba kaya ba ta nuna komai ba. Mun wuce Maiyama, muka bar kwalta, muka isa gonar bayan azahar. Aka yi lodi har bayan motar ya sauka a kan tayoyi. Kafin a ɗaure igiyar ƙarshe sai ga leburorin da suka haƙe albasar, mutum tara 'yan Aliero, da tabarminsu da tukwanensu, suna hawa. Na ce su sauka. Babbansu ya ce tun daga gida aka gaya musu motar da ta ɗauki albasa ita za ta mayar da su, sun cinye guzurinsu, wata mota kuma ba ta shigowa nan sai ranar kasuwa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sauka ba. Direban ya dube ni, ni kuma na dubi hanya. Muka tashi da su.

Na hana shi wuce giya ta uku. Hannuna na kan birkin hannu, wanda waya ke ja ba mai ba, shi kaɗai ya rage wa ƙafafun baya. A kan burji bai sha taka birki ba, yashi yana riƙe motar. A kwalta ne aikin ya faɗa wa ƙafafun gaba. Akwai ramuka, akwai awaki, akwai masu keke, kowanne kuma taki ɗaya ne. Bayan Maiyama na fara jin ƙauri. Na sa ya tsaya, na tofa yawu a gangar gaba, ya yi cuu ya ɓace. Muka jira ta huce. Waɗanda ke bisa kaya suka tambaya ko mai ne ya ƙare. Muka sake tsayawa sau ɗaya kafin mu hango bishiyoyin bakin gulbi.

Kafin a shiga Jega ta wannan hanyar akwai gangare, sannan gada. A saman gangaren na ce ya tsaya, na fita na ce kowa ya sauko ya taka da ƙafa zuwa wancan ƙetaren. Wannan karon ban roƙa ba, na zare makulli na riƙe. Suka sauko suna gunaguni. Wani ya ce shi bai taɓa ganin bakanike mai tsoron mota ba, wani ya ce wataƙila in mun kai Aliero mu za mu goya ta.

Muka gangara a giya ta biyu. A ƙarshen gadar akwai jakuna ɗauke da yashi suna tsallaka hanya, mutum ɗaya yana kora su. Direban ya taka birki tun daga tsakiyar gada. Na ga ƙafarsa ta sauka fiye da yadda ya kamata. Ya ɗaga ya sake takawa, ya sake. Motar tana ragewa amma ba ta tsayawa, nauyin albasa yana tura ta. Na ja birkin hannu da hannu biyu har ƙarshe. Ya danna oda bai saki ba. Jakin ƙarshe ya sauka daga kwalta, muka ratsa ta inda yake tsaye, muka ƙara kamar tsawon mota uku sannan ta tsaya. Mai jakunan ya waiwayo ya zage mu ya ci gaba da tafiyarsa.

Leburorin suka iso suna hira, ba su ga komai ba, suka kama igiya za su hau. Direban ya leƙa ta taga ya ce kada wanda ya hau, motar ba ta zuwa Aliero yau. Ya ja ta a giya ta ɗaya har rumfata, su suna biye da mu a ƙasa. Ya kashe ta, ya zauna yana riƙe da sitiyari.

"Injiniya, ƙyalle nawa za ka ɗaura?"

Na ce biyu, mai ƙulli uku da mai ƙulli huɗu, amma tunda a nan za ta kwana ba sai an ɗaura ba. Ya ce in ɗaura, bai san wanda Alhaji zai turo da makulli ba. Na ɗaura yana kallo, yana ƙirga ƙullin a hankali.

Kafin magariba Alhajin ya samo wata mota da ta sauke kaya, aka juye albasar da mutanen a cikinta. Robobin sun iso ranar Alhamis, na cire ƙusoshin biyu na gyara ƙafafun, na kwance ƙyallayen da hannuna.

A waccan daminar mota biyar na ɗaura wa jan ƙyalle. Wannan ɗaya ce, biyu kuma sun dawo a kan lokaci an gyara. Ta huɗu, bayan abin nan ya faru, na je na same ta a tashar Maiyama da ƙyallenta a jiki, na cire ƙusar. Ta biyar an sayar da ita wajen Yawuri, an canza mata lamba, ban same ta ba.